Daga Sanyin Jos Zuwa Ramukan Gwal na Ƙasar Paiko

Aiken Hajiya ne ya fitar da ni daga Jos a makon farko na Afrilun 2025. An yi ƙaramar Sallah ba a ga ƙeyar autanmu ba, wata bakwai ke nan da ya bi abokansa haƙar zinariya a jihar Neja. Kuɗi yakan turo jefi-jefi, waya kuwa sai ya hau tudu ake samunsa. Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai ne babba. Ka je ka gano min shi da idonka, na gaji da labarin waya." Ta haɗa min ƙullin dankalin turawa da yajin daddawa, ta ɗora wata rigar sanyi da ya bari a kai. Na ce, "Hajiya, rigar sanyi a Minna?" Ta ce in dai kai masa. Ban ja da ita ba.

Ƙarfe shida da rabi na safe motarmu ta tashi, naira dubu 13 zuwa Abuja, mu shida a ciki ban da direba. Ni ma da tawa rigar sanyin a jiki, don ko a bazara asubar Jos ba ta rasa ɗan cizo. Muna wuce Bukuru na fara ganin kududdufan nan da muka tashi muna gani har muka daina ganinsu: ruwa kore shar a tsakiyar jan tudun ƙasa, wani an kewaye shi da lambun kabeji da karas, wani kuwa ko akuya ba a bari ta matsa kusa. Duk ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari. A ranar na dube su da wani ido daban, saboda na san rami zan je gani.

Wanda bai taɓa gangara Hawan Kibo ba, ba zai gane abin da muke nufi ba idan muka ce Jos a sama take. Garin yana kan tudun da ya kai mita 1,200 daga bakin teku, kuma kowace mita dubu da mutum ya sauko, zafi na ƙaruwa da wajen digiri shida. A kan hanyar nan ba sai an karanta maka a littafi ba. Bayan Riyom mota ta fara kwana-kwana tana sulalawa, kunnena ya toshe ya buɗe, iskar da ke shigowa ta taga ta sauya daga mai sanyi zuwa mai ɗumi kamar an buɗe murfin tukunya. Kafin mu kai Gwantu na tuɓe riga na cusa a jaka, ban sake waiwayarta ba sai da na dawo wannan hawan.

Shingayen jami'an tsaro na ƙirga har goma sha ɗaya kafin Keffi, daga nan na bar ƙirga. Yawanci direba ke miƙa hannu ta taga a wuce. A wani shingen ne aka ce a buɗe but, jami'in ya ɗaga ƙullin Hajiya ya jinjina ya ce mene ne. Na ce dankali. Ya ce a rage masa na miya. Na ba shi guda biyar, ya yi min addu'ar sauka lafiya, har na rasa ko haushi zan ji ko dariya. A Akwanga muka ci shinkafa da wake, naira dubu biyu da nama yanka ɗaya. Cunkoson Mararaba da Nyanya ya cinye mana awa ɗaya da rabi, ba abin da zan ce a kansa da ba a sani ba.

A Zuba na sauya mota, dubu shida zuwa Minna. Dutsen Zuma ya tsaya mana a gaba kamar yadda yake a bayan tsohuwar takardar naira ɗari, sai dai hazon zafi ya dusashe shi. A mahaɗar Dikko motar ta yi tsit, wani dattijo a gaba ya fara salati, don nan ne tankar mai ta fashe a watan Janairun shekarar, mutum fiye da 80 suka rasu. Daga nan aka kama hanyar Lambata. Tazarar Suleja da Minna ba ta wuce kilomita ɗari da 'yan kai ba, amma tireloli da ramuka da wuraren da ake aikin faɗaɗa titi suka sa muka yi awa uku. Magariba ta riske mu a Chanchaga.

Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki a unguwar Tunga da ke Minna, dubu goma kwana ɗaya, da fanka. Fankar ta yi juyin minti arba'in wuta ta ɗauke. Jihar da ke da Kainji da Shiroro, wadda take yi wa kanta kirari da wutar lantarki, ga ni a cikinta ina fifita da kwalin sabulu. Ruwan da na tara a bokiti don in watsa, da ɗuminsa ya fito daga tanki kamar an dafa. Bango na fitar da zafin da ya sha tun safe, katifa kamar an yi mata guga. Wajen sha biyun dare na haƙura na fito baranda, na tarar da baƙi uku sun riga ni shimfiɗa tabarma. Ɗaya daga cikinsu, mai sayen doya daga Zariya, da ya ji daga inda na fito ya yi dariya ya ce, "Malam, ku mutanen Jos ai Allah ya riga ya ba ku naku na'urar sanyin. Nan sai ruwa ya sauka." Minna ba ta kai mita 300 ba a tsayi, kuma Maris da Afrilu ne ganiyar zafinta, rana tana dosar digiri 40. A daidai lokacin Jos da ƙyar take haura 30, mu kuma a haka muke kukan zafi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ruwan sama bai bambanta sosai ba: garuruwan biyu kowanne yana samun fiye da milimita dubu a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Ranar da ke biyo bayan ruwan ce ba iri ɗaya ba.

Da asuba na koma Paiko, garin da muka wuce kafin mu shiga Minna, inda ƙanena ya turo wani ɗan acaɓa ya ɗauke ni. Mun yi kusan awa guda a hanyar ƙasa. Ƙasar Gbagyi ce, waɗanda muke ce wa Gwari, kuma a lokacin duk ta bushe ƙayau: kunyoyin doya a jere an ɗora wa kowace hular ciyawa don kada rana ta dafa irin, itatuwan kaɗanya da ɗorawa tsilli-tsilli, mangwaro ya nuna har yana zuba ba mai ɗauka. Muka wuce mata ɗauke da itace a kafaɗa, kai babu komai, yadda al'adarsu take. Sama fari fat, ko ɗigon gajimare babu. Ƙarfe takwas na safe amma ƙarfen babur ya fara ƙona min cinya.

Kafin in ga wurin, kunnena ne ya fara isa. Ƙarar injinan niƙa, irin na markaɗen hatsi, biyar ko shida suna kuka tare. Sai bukkokin leda da buhu, sai tsibin jar ƙasa, sai mutane. Hausar Zamfara na ji, na ji ta Katsina, na ji ta Damagaram, ga masu tuwo da masu shayi da mai cajin waya da faifan sola. Gari guda ne a tsakiyar daji, ba masallacin gini sai filin da aka kewaye da duwatsu.

Na wuce ƙanena ban gane shi ba. Shi ya kira ni, "Yaya!" Na juya na ga wani baƙin saurayi da jar ƙura har cikin gira, tocila ɗaure a goshi. Yaron da a gida sai an yi da gaske yake wanke kwanon da ya ci abinci. Ya rage ƙiba amma kafaɗunsa sun buɗe, tafin hannunsa da ya miƙo min kamar bawon itace. Ya tambayi Hajiya sau uku kafin mu zauna. Da na ciro rigar sanyin, abokan aikinsa suka kwashe da dariya har ɗaya ya faɗi kan buhu. Shi bai yi dariya ba. Ya karɓa ya sunsuna, ya ninke ya ajiye.

Su shida ne a ramin. Bakinsa bai fi faɗin rijiya ba, an gitta gungume a sama an ɗaura igiya, an sassaƙa matakai a jikin bango. Ya ce zurfin ya kai gaba goma sha biyu, daga nan aka karya gefe ana bin jijiya. Jijiyar nan farin dutse ne mai ƙyalli da ya ratsa cikin sauran dutsen, a cikinsa zinariyar take, yawanci ƙanana ƙwarai har ido ba ya gani. Na sauka matakai takwas, iska ta yi min nauyi, gumi ya rufe min ido, na ce a fito da ni. Ba na jin kunyar faɗa.

Rana ce ke tsara musu aiki. Daga sallar asuba zuwa hantsi ana ƙasa ana sara da guduma da diga. Daga sha ɗaya zuwa la'asar ba mai iya tsayawa a fili, sai a koma inuwa ana farfasa dutsen da aka fitar ya zama tsakuwa. Da yamma a kai injin, da dare wasu su sake komawa rami da tocila. Garin dutsen ana zuba shi a kan wani dogon katako mai gangara da aka shimfiɗa wa kafet, ana kwarara ruwa. Ƙasa mara nauyi ta wuce, mai nauyi ta maƙale a gashin kafet. A wanke kafet a baho, a juye a kwano, sai gwanin cikinsu ya tsuguna yana juya kwanon a hankali yana zubar da ruwa kaɗan-kaɗan, har ya rage baƙin yashi cikin cokali biyu. Na leƙa. A gefen yashin akwai wani siririn layi rawaya, kamar an barbaɗa garin kurkum da bakin allura. Aikin mutum shida na kwana huɗu ke nan.

Ya ɗiga zaiba a kai, wadda su ke kira makuri, ya murza da yatsa har ta haɗiye rawayan, ya matse a ƙyalle, ya ɗora ɗan curin a cokali bisa garwashi. Hayaƙi ya tashi, na ja da baya, su ko gezau. Abin da ya rage bai wuce ƙwayar dawa biyu ba. Dillali na zaune a ƙarƙashin ɗorawa da ɗan sikelinsa mai batir da waya a hannu yana duba farashi. Giram ɗaya da ɗigo uku. A watan Maris ɗin da ya wuce ne zinariya ta haura dala 3,000 kowace oza a kasuwar duniya karo na farko, oza kuwa giram 31 ce da ɗan ɗori, wato giram ɗaya ya kusa naira dubu 150. Dillalin ya zaftare nasa da sunan datti. Aka cire kuɗin niƙa, aka cire na ruwa, aka cire bashin mai tuwo, ubangidan da ya sayi kayan aiki ya ɗauki rabin abin da ya saura. Kowannensu ya tashi da abin da bai cika dubu goma ba. Na ce wa ƙanena, "Wannan ai lebura a kasuwar Farin Gada ta Jos ya fi ku." Ya ce, "Yaya, lebura ba ya tsintar miliyan. Wancan ramin da kake gani, kafin azumi sun fasa jijiyar da kowa ya sayi babur." Kowa a wurin yana da irin wannan ramin da yake nunawa da yatsa, kuma kullum na wani ne.

Kuɗin ruwan nan ya tsaya min a rai. Da rani rami ba ya rushewa da sauƙi, amma rafin da ake wanki ya ƙafe sai 'yan kwatami, dole a sayi ruwa a jarka. Da damina ruwa kyauta ne, har rafi kan kwaso zinariyar ya tara a yashi mata da yara su fita da kwano, amma a lokacin ne ƙasa ke jiƙa ta zauna kan mutane. A watan Yunin 2024, bayan ruwan sama mai ƙarfi, rami ya rufta da masu haƙa da dama a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro, cikin jihar nan. Duk wanda na yi wa maganar ya san labarin, wasu sun san waɗanda ke ciki.

Da la'asar wani dattijon Gbagyi, wanda gonarsa ce aka haƙe ana ba shi kaso, ya ce in zo ya nuna min abu. Hausarsa tas. Muka taka bayan wani tudu, ya nuna min wani dogon kwari da itatuwa suka tsiro a ciki, ya ce, "Ramin Turawa ke nan. Ubana ya yi musu dakon ƙasa." Na ce, "Baba, wataƙila tare da kakana suka yi."

Ba wasa nake ba. Kakanmu na wajen uba ya bar ƙasar Kano ya zo Jos aikin kuza yana saurayi, kuma muna yara yakan ba mu labarin shekarun da ya yi a "gwal ɗin Minna". Mun ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce, sai da na girma na ga yadda lissafin ya hau. An fara fitar da zinariya a hukumance a Najeriya a 1913, amma ba ta yi tashe ba sai bayan karyewar tattalin arzikin duniya na 1929. Farashin kuza ya faɗi warwas, a 1931 ƙasashen da ke haƙo ta suka ƙayyade abin da kowa zai fitar, kamfanonin Filato suka sallami leburori. A shekarar ce kuma Ingila ta raba kuɗinta da ma'aunin zinariya, sannan a 1934 Amurka ta ɗaga farashin oza daga dala 20 da 'yan kai zuwa 35. Kuza ta kwanta, gwal ya miƙe. Ƙananan Turawan da suka rasa abin yi a Jos suka kwashi kwanoni da leburori suka gangaro Minna da Birnin Gwari da ƙasar Zamfara. Kakanmu ya ce a jirgin ƙasa suka zo, ta Kafanchan da Kaduna, kuma abin da bai taɓa mantawa ba shi ne daren farko da ya kasa barci don zafi. Na tuna da barandar Tunga na yi murmushi ni kaɗai.

Abin da ya mayar da shi Jos ma ba ra'ayinsa ba ne. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da ke hannun Ingila wadda ta fi kowace fitar da kuza a lokacin, ga yaƙi na ci. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta juya akalar komai zuwa Filato, aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kai su ramukan kuza ala tilas daga 1942 zuwa 1944, abin da tsofaffinmu ke kira diban gwamna. Mutanen ƙasashen zafi da aka kai tudu ba bargo, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Filayen gwal suka zama kufai. Ita kuzar ta yi zamaninta har kasuwarta ta rushe a 1985, shekarar da mahaifinmu ya bar aikin ma'adinai ya koma sayar da kayan gwari. Yanzu ga jikan wancan tsoho ya sake gangarowa ta hanyar da kakansa ya bi, saboda farashin da ake yankewa a Landan.

Dutsen ma ba iri ɗaya ba ne. Namu na Jos shi ke ɗauke da kuza da kwalambait, wani ma'adinin da ake samu tare da ita. Zinariya kuwa tana bin wani tsohon jerin duwatsu ne da ya ratso yammacin ƙasar, daga Anka da Maru, ya biyo Birnin Gwari da Minna, ya gangara har Ilesha. A wasu wuraren jijiyar tana haɗe da dalma, kuma nan ne masifar take. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana kai dutsen cikin gida ana niƙawa, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake yi a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi, nan jihar Neja, yara 28 suka tafi. A wurin su ƙanena na ga inji biyu da ake niƙa da ruwa, sauran busasshe suke yi, ƙura na tashi tana sauka a kan tiren mai awara. Na ga yarinyar da ba ta wuce shekara huɗu ba tana wasa da murfin jarka a gindin injin. Wannan ya fi zurfin ramin tayar min da hankali, kuma a kansa ne muka yi sa-in-sa da ƙanena da dare. Na ce ya haɗa kayansa mu tafi. Ya ce yana da bashin ubangida, kuma jijiyarsu ta fara faɗi. Na ce kakanmu ma haka ya ce, ya dawo da kwano ɗaya da tari. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, in na koma Jos me zan yi?" Ban da amsar da zan ba shi a daren.

Muka soya dankalin Hajiya a man gyaɗa, mutum tara muka ci da yajin, 'yan Damagaram biyu suna ta santi. A waje muka kwana bisa buhuna. Can wajen ƙarfe uku iska ta taso daga kudu, walƙiya ta yi ta haskawa a nesa, kowa ya farka yana kallon sama, manoma da murna, masu rami da fargaba. Ko ɗigo bai sauka ba. Da na juya na ga ƙanena ya yi matashin kai da rigar sanyin.

Abin da na samu daga gare shi alkawari ne: ranar da ruwa ya zauna sosai zai fito daga rami ya taho gida noman dankali, ba zai kuma yi wanki da zaiba a inda yake kwana ba. Ya ba ni dubu arba'in in kai wa Hajiya, ya raka ni har Paiko, ya saya mata doya goma a kasuwa.

Dawowa ba wani labari, sai a Hawan Kibo. Muna cikin hawa hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Riyom, kafin mu kai Mararrabar Jama'a ruwa ya ɓarke har da ƙanƙara tana bugun gilashi, direba ya gangara gefe ya tsaya. Na lalubo rigata a jaka na saka, jar ƙurar Paiko na zuba daga aljihun wandona. Bayan isha'i na shiga gida. Hajiya ba ta dubi kuɗin ba, ba ta dubi doyar ba.

"Ya rame?"

"Ya yi baƙi dai, Hajiya. Amma yana cin abinci."

"Rigar fa?"

"Yana amfani da ita."